Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Taimakon Gaggawa ga Masu Kwalekwale da Kwanan Tunga

Arzikin Janbako da ƙauyukan da ke kewaye da ita a bakin ruwa yake. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajajen Funtuwa ya biyo ta Gusau, a wannan yanki aka tare shi da madatsar Bakalori, wadda aka kammala a 1978. Tafkin da ya kwanta a bayan madatsar ya mamaye kimanin hekta 8,000, ya miƙe kusan kilomita 19, yana kuma iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Shi ke shayar da gonakin rani a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Duk inda ruwa ya yi yawa haka kuwa, ba a rasa kwalekwale. Ga masunta da ke nausawa cikin tafki su kafa tunga, su kwana biyu ko uku suna gadin kalli da mamari. Ga manoman da ke ƙetarewa gonakin fadama su kwana can lokacin girbi. Ga masu fito da ke ɗibar mata da yara da kaya ranar kasuwa.

A Kanada da Amurka ma ana irin wannan tafiya, sai dai su don nishaɗi suke yi. Mutum ya ɗauki kwalekwale da tanti ya shiga tafkunan daji ya yi mako. Duk da suna da jiragen ceto, abin da ake fara koya wa ɗan koyo shi ne kada ya tura jirgi ruwa sai da rigar kariya, da akwatin magani, da wani a gida da ya san inda ya nufa da ranar da zai dawo. Mu da ke shiga ruwa don neman abin sakawa a bakin salati, ga asibiti da nisa, ga hanya ba tabbas saboda 'yan bindiga, mu muka fi bukatar wannan shiri, kuma mu muka fi sakaci da shi.

A kan ruwa, likitanka na farko shi ne wanda ke zaune kusa da kai a cikin jirgi. Abin da ya sani da abin da ya ɗauko daga gida, a kansu rayuwarka za ta dogara, bayan ikon Allah, kafin a kai ga malamin asibiti.

Minti huɗu da awa guda

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana fara lalacewa idan ta yi minti 4 zuwa 6 ba iska. Daga tsakiyar tafki zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa inda za a sami babur, daga nan zuwa babban asibitin Talata Mafara ko na Maradun ko na Bakura, ba wuya a share awa guda ko fiye. Wannan tazara ce taimakon gaggawa ke cikewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a duniya a shekarar 2021, kuma nahiyar Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Ba sai an kai mu nesa ba. A watan Mayun 2021 jirgin da ya nufi Warra a Jihar Kebbi ya nitse, fiye da mutum 100 suka ɓace. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a Jihar Kano ya kife da ɗaliban Islamiyya, aƙalla mutum 29 suka rasu. A nan Zamfara, ranar Asabar 14 ga Satumban 2024, kwalekwalen da ya ɗebo manoma za su gona ya kife a Gummi, aka yi asarar gomman rayuka. Ranar ta dace da Asabar ta biyu ta Satumba, wadda duniya ta keɓe don tunawa da taimakon gaggawa.

Waɗannan su ne suka shiga labarai. Wanda ƙugiya ta huda, wanda kububuwa ta sara a tunga, yaron da santsin hanyar ruwa ya kwasa, ba mai jin labarinsu sai 'yan garinsu.

Shiri tun daga tudu

Rigar kariya ita ce farkon magani. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta wajabta sa ta ga duk wanda zai shiga jirgi, ta kuma hana tafiyar dare. A Amurka, inda ake ajiye lissafi, duk shekara fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda ruwa ya ci a haɗarin jiragen nishaɗi ba su sanye da ita. Amsar da aka saba ji a mashaya ita ce, "Ni da aka haifa cikin ruwa?" To amma gwanin iyo ma jirgi na iya buga masa kai, kalli na iya naɗe masa ƙafa, wanda bai iya ba na iya shaƙe shi. Babbar riga da zani da hijabi kuma idan suka jiƙe sukan ɗaure mutum. Rigar da aka ajiye a gindin jirgi aka zauna a kai ba ta ceton kowa. A sa ta, a ɗaure igiyoyinta, yaro kuma a ba shi daidai shi.

Inda rigar ba ta samu ba, kada a tafi haka nan. Jarka mai lita 20, ba komai ciki, murfinta a toshe tam, da igiya a hannunta, ta isa ta riƙe kan babban mutum a saman ruwa. Gorar masunta ma aikin da take yi ke nan tun kaka da kakanni. Ba su kai rigar ba, domin wanda ya suma ba ya riƙe komai, amma da babu gara ba daɗi.

Sai lodi. Idan bakin jirgi ya kusa shan ruwa tun yana gaɓa, igiyar ruwa ɗaya ta ishe shi. Mai fito ya rage mutane ya yi sawu biyu. Fasinja kuma ya yi ta maza ya sauka, ko da za a ce masa matsoraci. Hadarin damina a ƙasarmu galibi daga gabas yake tasowa, iska kuma kan riga ruwan isowa. Da an ga gabas ta haɗa, a nemi gaɓa mafi kusa, a kuma guji fakewa gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai saboda aradu. Matuƙin da ya sha ƙwaya don ya jure aiki, ba jirginsa ba ne abin shiga.

Abu biyu kuma ba sa cin ko sisi. Na farko, a faɗa wa wani a gida ko Sarkin Ruwa: mu kaza ne, wuri kaza muka nufa, rana kaza za mu dawo. Na biyu, mai farfaɗiya ko asma ko ciwon suga ya sanar da abokan tafiya, ya kuma riƙe maganinsa. Mai farfaɗiya ruwan da bai kai gwiwa ba ma yana iya cin sa. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta hanyar taɓa mai ita ko yawunsa, saboda haka idan ta buge shi a ruwa a tallafe kansa sama, a fitar da shi, kada a cusa masa komai a baki.

Bokitin agaji

Ba sai an sayi akwati mai tsada ba. Ƙaramin bokitin fenti mai murfi, a wanke shi tas a shanya, ya wadatar: ruwa ba ya shigarsa, idan jirgi ya kife kuma yana tasowa. A ƙasa a shimfiɗa tsohon zani wankakke, an goge shi da dutsen guga an yanka gida-gida, domin danne jini da rataye hannu. A kansa a jera bandeji mai naɗi uku ko huɗu, filasta, safar hannu ta roba, sabulu, ƙaramar kwalbar ayodin, almakashi da filaya mai yanke waya. A leda guda a ƙulle farasitamol, fakitin gishiri da sukari na asibiti, ƙwayar zinc da ƙwayar tsarkake ruwa. A wata ledar a sa ashana, tocila da batir, da takardar da aka rubuta lambobin waya. Usur a rataye a wuya, domin ƙararsa ta fi ihu nisa, ba ya kuma dushewa. A rufe bokitin a ɗaure shi da jirgi.

A wajen bokiti akwai abu uku: bargo ƙulle cikin babbar leda, waya mai caji ita ma cikin leda, da igiya mai kamar mita 15 da aka ɗaura wa ƙaramin galan a baki, da ɗan ruwa ciki don ya yi nauyin jifa. A riƙa buɗe bokitin kowane wata a duba abin da ya ƙare da wanda wa'adinsa ya wuce. Kada kuma ya koma wurin ajiyar ƙugiya da goro.

Idan mutum ya faɗa ruwa

Wanda ruwa ke ci ba kasafai yake ihu ba, domin numfashin da zai yi ihun da shi yake nema. Za ka ga kai na nitsewa yana tasowa, baki a sama, hannuwa na dukan ruwa, jiki a tsaye ba ya gaba ba ya baya. Cikin abin da bai kai minti ɗaya ba yana iya ɓacewa.

Zuciya za ta ce ka tsunduma. Kada ka biye mata, domin sau da yawa gawa biyu ake tsamowa. Ka yi kururuwa ko ka busa usur. Ka miƙa masa filafili ko gwangwala ko rawani, kai kuma kana kwance ko durƙushe don kada ya fizge ka. Idan ya yi nisa, ka jefa galan mai igiya ta wuce kansa, ka ja a hankali. Idan da jirgi za a je, a ba shi goshin jirgi ko ƙarshensa ya kama. Wanda ya rataya a gefen kwalekwale yakan kifar da kowa. Idan gaɓa na kusa, ya fi a ja shi haka nan har tudu. Shiga ruwa shi ne zaɓi na ƙarshe, ga gwani kawai, riƙe da jarkar da zai tura tsakaninsa da wanda zai ceta.

Idan jirgin ne ya kife, kwalekwalen katako galibi ba ya nitsewa gaba ɗaya. A manne da shi, a ƙirga kawuna, a fara da yara. Gaɓa kan yi kusa a ido ta yi nisa a hannu. Hanyoyin ruwa na siminti da ke shayar da gonaki kuwa gefensu tsaye ne, ga gansakuka mai santsi. Idan mutum ya faɗa ciki, mai ceto ya ruga gaba ta inda ruwan ke gangarawa, ya kwanta a baki ya tari mutumin da sanda.

Bayan an tsamo shi

A ɗauka an tsamo yaro ɗan shekara goma a mashaya, jiki a saki. Kafin ka ce kwabo mutane sun yi masa zobe. Wani saurayi ya ce, "Ku danne mai ciki, ruwa ya sha!" Wani dattijo ya ce, "A'a, ku kama ƙafafu ku zazzage shi." Aka ɗaga yaron kai ƙasa ana jijjigawa, ruwa da guntun tuwo suka zubo, jama'a suka ce madalla. Da aka ga bai motsa ba, wata tsohuwa ta fara salati, wani ya warware mayafi zai rufe shi. Duk wanda ke wurin alheri yake nufi, amma minti biyar sun tafi, ba wanda ya ba yaron abin da ya rasa, wato iska.

Ruwan da ke ciki ba shi ke kisa ba. Wanda ake matsowa daga tumbi yake fitowa, kuma yana iya komawa huhu tare da abinci ya ƙara ɓarna. Ga abin da ya kamata:

1. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. A kira sunansa, a girgiza kafaɗarsa. Mutum ɗaya ya tafi neman abin hawa, sauran su ja baya.

2. A dafa goshinsa, a ɗaga haɓarsa sama don hanyar iska ta buɗe. A kara kunne a bakinsa ana kallon ƙirjinsa, kada ya wuce daƙiƙa 10. Shaƙuwa jefi-jefi ba numfashi ba ce.

3. Idan ba ya numfashi, a toshe hancinsa, a haɗa baki da bakinsa a hura sau 5, kowace hura a ga ƙirji ya taso.

4. A ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe. A danna sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, da saurin 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a kowace daƙiƙa. Sai hura 2, sai danna 30, haka za a yi ta yi.

5. Ƙaramin yaro hannu ɗaya ya ishe shi. Jariri kuwa yatsu biyu, a rufe bakinsa da hancinsa tare da baki, a hura a hankali. Zurfin dannawa kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirji.

Amai kan zo a tsakiyar aikin. A juya shi gefe, a share bakin, a mayar da shi a ci gaba. Aikin na cin ƙarfi, saboda haka a riƙa karɓa-karɓa duk bayan minti biyu. Ba a tsayawa sai ya fara numfashi, ko malamin asibiti ya karɓa, ko ƙarfin masu yi ya ƙare ƙaf. Kada a yi gaggawar rufe mutum da mayafi.

Akwai batun kunya. Idan mace ce aka tsamo, maza kan tsaya cirko-cirko ana neman muharraminta. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa lalura tana da hukuncinta, kuma ceton rai yana gaba. A sa mata su kewaye ta da zani, aiki ya ci gaba. Abin da ya fi shi ne a koya wa matan kansu, tunda su ke bakin ruwa da yara wajen wanki da ɗiban ruwa.

Idan yana numfashi amma bai farfaɗo ba, a kwantar da shi ta gefe, gwiwar sama a lanƙwashe, baki na kallon ƙasa, don amai ya zube waje. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin huhun da ruwa ya taɓa yana iya rikicewa bayan wasu awanni. Tari, haki, kumfa a baki ko yawan barci alamu ne na a yi sauri.

Sai sanyi. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, balle da asubahin hunturu. A cire jiƙaƙƙun kaya, a tsane jiki, a naɗe shi da bargo har kai, a raba shi da ƙasa da tabarma. Idan ya dawo hayyacinsa sosai a ba shi shayi ko koko mai ɗumi. Kada a mulmule masa hannu da ƙafa da ƙarfi, kada kuma a kanga shi dab da wuta.

Jini, ƙugiya da ƙaya

Maganin jini dannewa. A ninke ƙyalle mai tsabta a danne ciwon da ƙarfi minti 10 ba leƙawa. Idan ya jiƙe a ƙara wani a kai. Ƙasa, toka, kashin shanu, garin batir da man birki duk ƙazanta suke ƙarawa, suna kuma buɗe wa cutar tetanus ƙofa, wadda ke sandare jiki ta datse haƙora. Idan jini ya tsaya, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe, a je a yi allurar tetanus.

Idan jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, dannewa ta gaza, kamar a saran adda ko harbin bindiga, nan ne ɗauri ke da amfani. A sami ƙyalle mai faɗi, ba siririyar igiya ba, a ɗaura sama da ciwon, a zura sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaura, kada a kwance sai a asibiti. Dokar ƙasa ta 2017 ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Ƙugiyar da ta shige har ƙayarta ta ɓuya ba a fizgo ta baya. Idan a fatar sama take, a tura ta gaba bakin ya ɓullo, a datse ƙayar da filaya, sannan a zare. Idan kusa da ido take, ko a gaɓa, ko ta yi zurfi, a yanke zaren, a rufe, a bar wa asibiti. Sukar ƙayar kurungu ko tarwaɗa kuwa, a wanke a tsoma wurin cikin ruwan zafi daidai wanda fata ke jurewa, mai taimako ya fara gwadawa da hannunsa, kamar rabin awa; zafin na kwantar da raɗaɗi. Karaya a tallafe ta da kara ko filafili yadda aka same ta. Idan ƙashi ya huda fata, asibiti ne farko kafin maɗori.

Dare a tunga

Wurin kwana a zaɓe shi a tudu. Ruwan da aka yi a wajen Gusau yana iya cika gulbi cikin dare alhali a nan ko ɗigo ba a yi ba, waɗanda ke ƙasa da madatsa kuma ruwa kan ƙaru idan an sake shi. A share ciyawa, a nisanta tarin itace da ragowar abinci, domin ɓera ke jawo maciji. Ba a fita fitsari ba tocila, ba a zura ƙafa a takalmi sai an kakkaɓe. Gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma yana kare sauro, yana kare kunama da maciji.

Macijin da ya fi kisa a arewacin Najeriya shi ne kububuwa, ƙarama ce amma dafinta na hana jini daskarewa, har dasashi da fitsari su yi jini. Wannan ya sa tsaga wurin sara da reza ya zama babban ganganci. Ɗauri mai tsanani yana kashe ƙafa, tsotsa ba ta fitar da dafi, baƙin dutse ma haka. Abin yi shi ne a janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da guru kafin kumburi, a tallafe gaɓar da kara don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Don ciwo a ba shi farasitamol kaɗai. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Maganin dafi na gaskiya allura ce ta asibiti, irin wadda asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara da ita. Ba kowane asibiti ke da ita kullum ba, don haka shugabannin masunta su bincika tun kafin damina su san inda take. Idan gamsheƙa ta tofa wa mutum dafi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take, sannan asibiti.

Harbin kunama ga babba yawanci raɗaɗi ne. Ga ƙaramin yaro kuwa, idan aka ga zufa, dalala, amai ko haki, a ruga da shi.

A tunga ba a rasa wutar banda, wani lokaci ga fetur na inji a kusa. A raba su nesa da juna. Wanda ya ƙone a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20, a rufe da leda mai tsabta ko ƙyalle marar gashi. Ban da man goge baki, manja, ƙwai ko gishiri, kuma ba a fasa ƙurajen ƙuna.

Ciki da zazzaɓi

Ana zaune a kan ruwa, amma ba na sha ba ne. Alam yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. A tafasa ruwan ko a sa ƙwayar tsarkakewa. A 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, Zamfara na cikin jihohin da ta fi addaba, kuma tana iya tsotse ƙato cikin awanni. Da gudawa ta fara a haɗa ruwan gishiri da sukari. Idan babu fakitin asibiti: lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi ta kurɓa kaɗan-kaɗan ko ana amai, ana kuma haramar komawa gari. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke: wannan ba ta jiran gari ya waye.

Zazzaɓin da ya zo da suma, jijjiga ko rikicewar hankali shi ma haka. Fitsarin jini da ake gani ga yaran bakin ruwa kuwa tsargiya ce, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata. Ba alamar balaga ba ce, kuma ƙwayar praziquantel na maganinta.

Hanyar asibiti

Taimakon gaggawa jinkiri yake saya, ba ya maye asibiti. Kafin a tashi, a san gaɓar da ta fi kusa da hanyar babur, da mai babur ɗin da zai amsa kira da dare, da asibitin da za a fara nufa. Idan abu ya fi ƙarfin na kusa, sai Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021 ya san ba a jingina da waya kaɗai. A yi alkawari da 'yan gida: idan rana kaza ta faɗi ba mu dawo ba, ku biyo sawu. Ƙungiyar masunta ko ta manoma ta ware ɗan asusu na mai da kuɗin magani. A asibiti kuma a faɗi gaskiya: ƙarfe nawa abin ya faru, me aka yi, me aka ba shi, har da na gargajiya.

Wa zai koyar?

Karatu a takarda ba ya koya wa hannu danna ƙirji. Sai an gwada a gaban wanda ya iya. Masu koyarwar kuwa muna da su. Akwai ƙungiyar Red Cross ta Najeriya, akwai 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala, waɗanda ke aikin nan a wuraren wa'azi da sansanin alhazai, akwai malaman asibitin ƙauye. Abin da ya rage shi ne a kai su bakin ruwa. Hakimai da Sarakunan Ruwa da ƙungiyoyin manoman rani na Bakalori suna da ikon kiran taro, yini ɗaya kuma ya isa a koya wa matuƙa da mata da manyan ɗalibai abubuwan da aka lissafa a nan. Ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2021 don yaƙi da nitsewa a ruwa, ta faɗo a tsakiyar daminarmu, lokacin da gulbi ke cika.

Wani zai ce wanda kwanansa ya ƙare ba rigar da za ta tsare shi. Gaskiya ne ajali na Allah ne, amma wanda ya faɗi haka da kansa yana kulle ƙofarsa da dare, yana sa wa gonarsa taki. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, limamai kuma sun fi kowa iya bayyana wannan a huɗuba.

Daga Janbako zuwa Gora da Faru da Tsibiri, kowace mashaya tana iya mallakar igiya mai galan da aka rataye a wurin da kowa ya sani, da bokitin agaji a hannun amintacce, da aƙalla mutum biyu, namiji da mace, da suka iya hura numfashi da danna ƙirji. Wannan bai fi ƙarfin karo-karon gari ba, ba ya kuma jiran kasafin gwamnati. A fara shi tun da rani, kafin ruwa ya sauka.